Allurar zazzaɓi da faɗuwar sawu: yadda lantarki ya shiga jinyar wani yaro ɗan shekara 7

A goye aka shigo da shi ɗakin gashi, duk da cewa shekarunsa 7. Da mahaifiyarsa ta sauke shi, na ce ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, nan na ga dalilin goyon. In ya ɗaga ƙafar hagu sai sawun ya rataya ƙasa kamar jiƙaƙƙen tsumma, dole ya ɗage gwiwa can sama kamar mai hawa matakala, sannan ya sauke, yatsu su riga dunduniya isa ƙasa, ka ji fal. Silifas ɗin hagu ya cinye ta gaba, babban yatsa kuwa duk tabon tuntuɓe ne.

Mako 5 kafin wannan rana zazzaɓi ya kama shi da dare, aka kai shi wani kemis a unguwarsu, aka yi masa allura a mazaunin hagu. Uwar ta ce: "Likita, tun da na haife shi ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Cewa yake wuta ta bi masa ƙafa har tafin sawu." Da aka sauko da shi daga benci ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Aka ce mata tsamin allura ne, ta riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi zai saki. Zazzaɓi ya tafi cikin kwana uku, ƙafa ta zauna yadda take. Na ce ta nuna mini inda aka soka allurar, ta ɗora yatsa a tsakiyar mazaunin, ɗan ƙasa kaɗan. Wurin da bai kamata allura ta taɓa ba ke nan.

Kakarsa ta wajen uba, wadda ta rako su, ta riga ta yanke cewa shan inna ne. Ba a raina wannan zato ba, domin ƙa'ida ce duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya a sanar da jami'an sa ido kan cutar, ko da an ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna tun watan Agustan 2020. Asibitin da suka fara zuwa sun bi wannan ƙa'ida, an ɗauki bahayarsa sau biyu, ba a sami ƙwayar ba. Jikin ma ya faɗi haka. Shan inna na kashe ƙarfi ne ya bar jin taɓi lafiya lau, shi kuwa wannan yaro in ka shafa bayan sawunsa da auduga ba ya sanin an taɓa shi.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga hanyar jini da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi da kuma wayar da ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi. A wannan rubutu ta ƙarshen nake nufi. Mafi girma a cikinsu ita ce siyatik, wadda ke fitowa daga ƙasan gadon baya, ta ratsa ƙarƙashin tsokar mazauni, ta gangara bayan cinya, ta rabu biyu kusa da bayan gwiwa. Reshe ɗaya ya bi sha-raɓa yana kula da tsokokin da ke tura sawu ƙasa, ɗayan ya kewaya ta gefen gwiwa na waje zuwa tsokokin gaban ƙwauri masu ɗaga sawu da yatsu. Tun a cikin mazauni zaruruwan wannan reshe na biyu sun fi kusa da waje, kuma rigar da ke kare su ba ta kai ta ɗan'uwansu kauri ba, shi ya sa su allura ta fi ɓatawa. Wani lokaci tsinin ne ke sokar jijiyar, amma sau da yawa maganin da aka ɗura a jikinta ko kusa da ita ne ke ƙona ta. Dalilin da ya sa ake koyar da cewa a raba mazauni gida huɗu a soka a na sama ta waje ke nan, ƙananan yara kuma a yi musu a gefen cinya ta gaba.

Muna auna ƙarfin tsoka daga 0, wato ko motsi babu, zuwa 5, cikakken ƙarfi. Tsokar ɗaga sawu ta ba ni 0, masu ɗaga yatsu 0, masu karkata sawu waje 1, tsokar sha-raɓa 4, masu lanƙwasa gwiwa 4. Idon sawu na lanƙwasuwa sosai in na tura da hannu, agara ba ta riga ta ɗaure ba. Sai kuma raɗaɗi da ke hana shi barci, wanda ya kwatanta da barkono a cikin fata.

Gwajin lantarki

Da na jawo na'urar lantarkin, yaron ya maƙale a jikin uwarsa. A tunaninsa shokin ne irin na wayar gida. Na naɗe hannun rigata, na ɗora soson da wutar ke bi ta cikinsa a damtsena, na murɗa har yatsuna suka fara rawa da kansu, ya tsaya yana kallo. Kakar ta nemi ita ma ta ji. Da ta ji sai ta janye hannu ta ce: "Ai wannan minjirya ce, ɗan nan." A bakin kogi ta tashi, ta san kifin nan da ke girgiza masunci in ya taɓa shi. Na ce mata: "Iya, kin gane shi sarai, sai dai wannan minjiryar da linzami a bakinta." Likitocin Rum na dā ma da kifin teku mai irin wannan hali suke wa ciwon kai magani, kusan shekara dubu biyu da suka wuce.

Na fara da lafiyayyar ƙafa. Na ɗora ƙaramin soso a gaban ƙwauri, ƙasa da gwiwa da kamar yatsu huɗu, inda jijiya ke shiga tsoka, na saki gajerun bugu masu sauri. Sawun ya ɗago caraf. Na koma ƙafar hagu, wuri ɗaya, bugu iri ɗaya, na ƙara ƙarfi har ya fara yamutsa fuska, sawu ko gezau. Sai na canza zuwa dogon bugu guda ɗaya mai ɗaukar milisakan 300, wato kusan sulusin sakan. A nan tsokar ta amsa, amma a kasalance, ta tattaru a hankali ta saki a hankali kamar tafiyar tana a ƙarƙashin fata.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Jijiya da tsoka duka suna ɗauke da ɗan cajin lantarki tsakanin cikinsu da wajensu, a jijiya kimanin milibolt 70 ne. Saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa rushewar wannan caji ne da ke gudu a tsawon jijiyar har ya isa tsoka. Na'urarmu na tayar da irin wannan rushewa ne daga waje. To amma jijiya mai saurin ji ce ƙwarai, bugun da bai kai milisakan 1 ba ya ishe ta. Zaren tsoka shi kaɗai nauyin ji gare shi, sai an daɗe ana ƙwanƙwasa masa, sau goma ko sau ɗari fiye da jijiya. Saboda haka in ka ga lafiyayyar tsoka ta motsa a ƙarƙashin na'ura, jijiyarta aka tasa, ita kuma ta tashi tsokar. In jijiyar ta mutu, gajeren bugu wucewa yake ba wanda ya ji shi.

Gajerun bugu masu sauri, 50 zuwa 100 a sakan, su muke kira faradik, daga sunan Michael Faraday na Ingila wanda ya gano hanyar samar da irin wannan wuta a 1831. Dogon bugu mai tafiya fuska ɗaya kuma galbanik, daga Luigi Galvani na Italiya, wanda a 1791 ya bayyana yadda lantarki ke sa ƙafar mataccen kwaɗo ta harba. In aka bi tsawon bugu daki-daki daga 300 zuwa ƙasa ana rubuta ƙarfin da tsoka ke buƙata kafin ta amsa, ana samun zane a takarda. Na tsokar da ta rasa jijiya yakan miƙe sama tun da wuri, na lafiyayya kuwa ya daɗe a kwance. Tsohon gwaji ne, a manyan asibitoci na'urar auna gudun saƙon jijiya ta maye gurbinsa, amma a inda babu ita, ko kuɗinta ya fi ƙarfin iyaye, har gobe yana da amfani. Na zana na yaron na saka a fayil.

Abin da gwajin ya nuna shi ne zaruruwan jijiyar sun mutu daga wurin allurar zuwa ƙasa. Tun 1850 Augustus Waller ya nuna cewa duk zaren da aka raba da tushensa ruɓewa yake cikin 'yan kwanaki. Herbert Seddon, likitan da ya yi aiki kan raunukan jijiya a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya kasa raunin gida uku a 1943. Akwai wanda jijiya ta suma kawai, ta farfaɗo cikin makonni. Akwai wanda zaren ya mutu amma kubensa na nan, sai sabon zare ya tsiro ya bi tsohuwar hanya. Akwai wanda aka datse gaba ɗaya, wannan sai tiyata. Ɗan motsin da ya rage a masu karkata sawu ya sa na karkata ga na biyu. Sabon zare na tafiyar kimanin milimita 1 a rana. Na sa awo daga tabon allurar zuwa ƙasan gwiwa, santimita 27. Wata 9 ke nan, in komai ya tafi daidai. Tsoka kuwa ba ta jira har abada, bayan wata 12 zuwa 18 mahaɗarta da jijiya na lalacewa, naman ya fara komawa kitse da tauri.

Na sa aka kira mahaifin, na faɗa musu su uku. Na ce: "Malam, wannan na'ura ba ta tsirar da jijiya. Jijiyar da kanta za ta tsiro, da ikon Allah, a kan lokacinta. Aikinmu mu tsare gidan kada ya rushe kafin mai gidan ya dawo." Ya yi shiru, sannan ya tambayi kuɗin zuwa sau nawa ne a wata 9. Tambayar da ta dace ke nan, dako yake yi a kasuwa.

Jinyar

Na sa lantarki a mataki na uku da gangan. Na farko takalmin roba mai riƙe sawu a tsaye, wanda aka ƙera daidai ƙafarsa, ya sa da rana a cikin kambas, ya kwana da shi. Na biyu miƙar da agara. Na koya wa uwar ta tallafi dunduniya a tafin hannunta, ta jingina tafin sawunsa a damtsenta, ta tura sama ta riƙe rabin minti, sau 10, safe da rana da dare. Na haɗa mata da duba bayan sawu da tsakanin yatsu kullum kafin barci, da daina gashin ruwan zafi, tun da fatar da ba ta ji ba ta sanin tana ƙonewa.

Lantarkin kansa sau uku a mako muka fara. Ina wanke fatar da sabulu, in naɗe farantin ƙarfen da ke kai wutar a cikin ƙyallen auduga mai ninki da yawa da aka jiƙa sharkaf, in ɗaura. Kaurin ƙyallen ba ado ba ne. Wutar da ke tafiya fuska ɗaya na tara sinadari a ƙarƙashin farantan, mai kama da ruwan toka a ƙarƙashin ɗaya, mai tsami a ƙarƙashin ɗayan, kuma in ƙyallen ya bushe ko ƙarfe ya taɓa fata sai a sami ƙuna mai zurfi da ke daɗewa ba ta warke ba. A ƙafar da ba ta jin zafi idon mai gashi ne kaɗai mai gadi. Na zaɓi bugun da ke hawa a hankali maimakon mai faɗowa gaba ɗaya, domin lafiyayyar jijiya na sabawa da wutar da ke hawa sannu ta ƙi amsawa, ita kuwa tsokar da ta rasa jijiya ba ta iya wannan sabo. Da haka sai ka tashi mara lafiyar ka bar maƙwabtanta suna barci, zafin ma ya ragu. Muna yin motsi 20 zuwa 30, a huta minti ɗaya, a sake, sau uku. Da zarar amsar ta fara raguwa nake tsayawa, gajiyar da irin wannan tsoka ɓarna ce.

Kan masana bai haɗu ba game da wannan sashe. Wasu gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna yana rage ramewar tsoka, wasu sun nuna in an yawaita yana iya rage wa sabbin rassan jijiya kuzarin tsirowa. Ni abin da na tsaya a kai shi ne a yi shi kaɗan, a tsanake, kuma kada a taɓa sayar wa iyaye shi a matsayin maganin. Abin da ya fi ci mini rai a wannan sana'a shi ne ganin an jera marasa lafiya ana liƙa wa kowa soso minti 15 a sallame shi, ba a taɓa gaɓar da hannu ba, ba a tambayi wace irin wuta tsokar ke ji ba.

Raɗaɗin dare kuwa wata wuta daban ya buƙata, wadda ake kira TENS. Ita ba ruwanta da tsoka, jijiyoyin jin taɓi take nema, da bugu kimanin 100 a sakan, marasa ƙarfi, mutum ya ji kamar kiyashi na yawo. Tushenta bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo a 1965, cewa a cikin laka akwai wata ƙofa da saƙon ciwo ke bi, kuma saƙon taɓi in ya yawaita yana tura ƙofar ya rage abin da ke wucewa. Duk uwar da ta taɓa murza wa ɗanta goshi bayan ya bugu ta yi aiki da wannan ƙofa. Na ɗora sosunan a bayan cinya da gefen gwiwa inda fata ke ji, minti 30. Sauƙin na sa'o'i ne, amma tare da maganin da likitan yara ya rubuta, cikin mako 3 ya koma barci. Kafin duk wannan na yi tambayoyin da ba a tsallakewa ko ga yaro: farfaɗiya, na'urar bugun zuciya da aka dasa a jiki, rauni a fata, kumburin da ke nuna daskarewar jini. A babba a ƙara da juna biyu da ciwon daji, kuma ba a ɗora soso a gaban wuya ko a ratsa ƙirji da wuta.

Wata biyu da ba mu gan su ba

A wata na huɗu suka ɗauke ƙafa. Da suka dawo a na shida, uwar na murmushi, ta ce an samu sauƙi, ƙafar na motsi. Ta ciro wata 'yar na'ura mai batir daga jaka, ƙanin mijinta ne ya sayo a kasuwa don a huta da kuɗin adaidaita sahu. Na ce ta nuna mini yadda suke yi. Ta liƙa sosunan a sha-raɓa, ta murɗa, sawun ya harba ƙasa da ƙarfi. Ta ce sun fara sawa a gaba yadda suka ga ina yi, ba abin da ya motsa ko an ƙure ta, da suka mayar baya sai ga motsi.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan, hankali ne ya kai ta. Irin waɗannan na'urori gajeren bugu kaɗai suke bayarwa, don haka tsokar gaba ba za ta taɓa jin su ba. Wadda ta amsa ita ce lafiyayyar tsokar da ke jan sawu ƙasa, wato abokiyar adawar mara lafiyar. Sun shafe mako 8 suna ƙarfafa mai ƙarfi, kuma da suka ga motsi sai suka ajiye takalmin, wanda dama ya fara matse shi. Na kama dunduniyar na tura, sawun ya tsaya cak, saura kimanin digiri 10 ya kai tsaye. Agara ta ɗaure. Nauyin wannan a wuyana yake, domin na san kuɗin mota na cinye su, ban kuma rage musu zuwan tun da wuri ba.

Muka sake tsari. Zuwa sau ɗaya a mako, sabon takalmi, miƙarwa sau biyar a rana, da tsayuwa a kan katakon da aka jingina a tudu, dunduniya a ƙasa. Mako 6 muka yi kafin mu dawo da abin da aka rasa. Na'urar kasuwar na ce ta adana ta, ranarta na zuwa.

Dawowar jijiya

Duk wata nakan ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da ɗan yatsa. Inda sabon zare ya kai, yaron kan ji tsirrr ta gangara zuwa sawu. A wata na uku a saman cinya ne, a na shida ya wuce tsakiyarta, a na takwas ya iso gefen gwiwa. A wata na tara zanen gwajin ya fito da ɗan karyewa a tsakiya, alamar cewa wasu zaruruwan tsokar sun sami jijiya, wasu ba su samu ba tukuna. Bayan mako 2 na ɗora yatsa a kan igiyar tsokar a gaban idon sawu na ce: "Yarona, kira babban yatsanka ya zo wajen hancinka." Na ji ta ɗan harba a ƙarƙashin yatsana. Na kama hannun uwar na ɗora a wurin, na ce ya sake. Ba ta ce komai ba, sai hawaye.

Daga ranar na ajiye galbanik, tun da yanzu akwai jijiyar da za a yi wa magana. Muka koma gajeren bugu, 35 a sakan, wuta ta yi sakan 5 ta huta sakan 20. Hutun na da dalili: ƙwaƙwalwa na karɓa-karɓa tsakanin zaruruwan tsoka don kada su gaji, na'ura kuwa waɗanda ta kama su take ta bugu a tare. Sharaɗin da na kafa shi ne kada ya kwanta wuta ta yi masa aiki. Shi zai fara ɗagawa, in ya kai iyakarsa na'ura ta ƙarasa. Da ƙarfin tsokar ya kai 3 muka miƙe tsaye, ina riƙe da maɓalli ina bin sa a baya, in danna daidai lokacin da dunduniya ta bar ƙasa, in saki in ta sauka. Dabarar da wani likita mai suna Liberson da abokan aikinsa suka fara gwadawa ke nan a 1961 ga masu shanyewar ɓarin jiki, su da maɓalli a cikin takalmi. Na'urar ƙanin miji ma ta fito daga jaka, na zana wa uwar da alƙalami inda za ta liƙa sosunan a gaban ƙwauri, minti 10 sau biyu a rana, tare da wasan ɗaga murfin kwalba da yatsu da tafiya a kan dunduniya.

A wata na 14 tsokar ɗaga sawu ta kai 4, masu karkata sawu waje 4, masu ɗaga ƙananan yatsu 3, babban yatsa 2. Ƙwaurin hagu ya fi na dama sirantaka da santimita ɗaya da rabi, kuma akwai wani fili kamar faɗin kwabo tsakanin babban yatsa da na kusa da shi da har yanzu ba ya ji. Yana tafiya makarantar allo da ta boko ba takalmin roba, sai in ya gaji da yamma sawun kan ɗan ja ƙasa. Maganar tiyatar juyo da igiyar wata tsoka daga baya zuwa gaba, wadda na shirya tura su asibitin ƙashi na Dala a kanta in wata 18 ya cika ba motsi, mun ajiye ta. Mun daina lantarki, na ba su wata uku su dawo in sake auna babban yatsan.